Ɗakin kaji a zafin Kebbi: bulo har sama ko raga?

Maman Ummi (Birnin Kebbi): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗi a ƙasa. Ina so in fara kiwon kaji masu ƙwai guda 100 a filin da ya rage bayan gidanmu. Maginin da maigida ya kawo ya ce a yi ɗaki ƙafa 12 da 12, a ja bulo har linta, a sa taga biyu da ƙofar ƙarfe, a buga kwano. Yashi ya riga ya sauka, jibi za a haƙa harsashi. Masu kiwo, haka ake yi?

Hajiya 'Yar Yauri: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki tsayar da shi tun yau. Wannan ɗakin amarya ya zana miki, ba na kaji ba. Fara da lissafi tukuna: 12 sau 12 ya ba da 144. Kaza mai ƙwai da ake kiwo a ƙasa, a irin zafin garin nan, tana son murabba'in ƙafa 3. Ɗakin nan da ƙyar zai ɗauki 50. Kaji 100 kuwa sai ƙafa 15 da 20.

Maman Ummi: Tabɗi! Anti, har ninki biyu? Shi ya ce ma za su samu wurin wasa.

Mai Bulo Kalgo: Hajiya a yi mana adalci mu magina. Na gina ɗakin kaji ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma da yawa mai aikin ne da kansa ke cewa a rufe ruf saboda ɓarayi da muzuru. In ka ce masa a bar gefe a buɗe sai ya ga kamar kana son ka rage aiki ne. Kuma ku tuna sanyin hunturu na kashe kaji.

Baba Alhaji Argungu: Ni dai ban gane wagga rigima ba. Tun muna yara akurkin laka muka sani, ƙohwa guda ƙarama, a tura dutsi da dare. Kaji sunka yi ƙwai sunka ƙyanƙyashe, ba wanda yas san wata raga. Mi yac canza?

Likitan Dabbobi: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kazar ce ta canza, da yadda ake tsare ta. Kazar Hausa kwana kawai take yi a akurki. Gari na wayewa ta fita, rana ta yi zafi ta shige ƙarƙashin rumbu ko gindin darbejiya, ta tona ƙasa mai sanyi ta kwanta. Ita take zaɓar wa kanta inuwa. Wadda Maman Ummi za ta saya kuwa, a ɗakin nan za ta wuni ta kwana fiye da shekara, ba inda za ta gudu.

Sannan kaza ba ta gumi. Zafin jikinta ma kusan digiri 41 ne, ga gashi ya lulluɓe ta. Hanyar da take fitar da zafi ita ce ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Da zarar zafin ɗaki ya haura 30 za ta rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. In ya doshi 40 kuma iska ba ta motsi, sai a fara kwasar gawa, kuma masu ƙiba ne ke fara faɗuwa. To a Birnin Kebbi, watan Afrilu, a inuwa ma ana haura 40. Ku ƙara kwano a sama, bulo gefe huɗu, da numfashin kaji 100 a ciki.

Malam mai bulo, babbar kaza mai cikakken gashi ba ta mutuwa don sanyin hunturunmu. Abin da ke share kaji a hunturu fakat ce, cutar da ke sa su zawo, su murɗe wuya. Rigakafi ke tare ta, bango ba ya tare ta. 'Yan tsaki ne ke buƙatar ɗumi, su kuma nasu tsarin daban.

Mai Bulo Kalgo: To Likita na ji. Ya kake so a gina? Ka faɗa mana da yaren magina.

Likitan Dabbobi: Bulo layi biyu, in ya yi yawa uku, a dogayen gefuna biyu. Daga nan har ƙarƙashin rufi raga. Gajerun gefunan, gabas da yamma, su za ka ja har sama. Wato tsawon ɗakin ya kwanta daga gabas zuwa yamma, ragar ta kalli kudu da arewa.

Ɗan Aliero Mai Albasa: Kai Likita, kaji ma sai an duba musu alƙibla? 😂

Likitan Dabbobi: Rana ake duba musu. Hantsi da rana ta la'asar su ne ke shigowa a kwance, to su bugi bango. Da tsakar rana tana bisa kai, rufi ya tare. Kuma ka san hadarinmu yawanci daga gabas yake tasowa da iskarsa, bangon gabas ɗin shi zai karɓi ruwan.

Hajiya 'Yar Yauri: Ƙari a kan maganar Likita, ku kula da lefen kwano. Kafintoci na son su tsaya ƙafa ɗaya daga bango don kwano ya isa. Kar ki yarda, ƙanwata. A fito da shi ƙafa 3 ko 4 kowane gefe, musamman ta kudu, don a watannin sanyi rana ta kudu take karkata, za ki gan ta tana leƙowa cikin ɗaki. Da damina kuma lefen ne ke hana feshin ruwa jiƙa shimfiɗa. Tsayi kuma kar ya gaza ƙafa 8 a gefe, tsakiya ya kai 11 ko 12. Nawa na bar 'yar tazara a ƙoƙuwar rufin, aka yi mata hula da wani kwanon, zafin da ya taru sama ta nan yake fita.

Abu Gusau: Duk na ji bayananku, amma kuna magana kamar ba ku san halin da ake ciki ba. Raga fa da filaya ake yanke ta, minti biyu an gama. Mutum ya yi wata biyar yana ciyar da kaji, ranar da suka fara ƙwai a zo da buhu cikin dare? Ni gara zafi ya kashe min biyar da ɓarawo ya kwashe hamsin.

Hajiya 'Yar Yauri: Ɗana, zafi ba biyar yake ɗauka ba in ya tashi ɗauka. Kuma waɗanda bai kashe ba, ya rage musu ƙwai kullum kana ciyarwa a banza, wannan satar ba ka ganin ta ne kawai.

Abu Gusau: Hajiya ban musa ba, amma ba ki ba ni amsar ɓarawo ba.

Mai Bulo Kalgo: Nan kam ina da ta cewa. Ana yin raga biyu. Ta waje a sa waya mai kauri irin wadda ake zubawa a kankare, ko rodi a yi walda kamar na taga. Ta ciki a sa mai ƙananan ido. Filaya ba ta cin ta wajen, sai da zarto, zarto kuwa yana da ƙara. Kuma ita Maman Ummi ai cikin gida ne, akwai katanga. Wanda ya tsallake katanga ya zo da shiri, ko ƙofar ƙarfe ɓalle ta zai yi.

Likitan Dabbobi: Madalla. Ta cikin nan a nemi mai idon rabin inci. Ba don muzuru kawai ba. Ɓera, ƙaramin maciji da tsuntsaye duk suna wuce raga mai faɗin ido. Tsuntsu ya shigo ya ci abinci ya yi kashi a ruwa, ta nan cuta ke shiga. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006 ba ta rabu da mu gaba ɗaya ba, tana lafawa tana dawowa. A toshe kuma tsakanin kan bango da kwano, nan ne hanyar ɓera da gafiya.

Maman Ummi: Maganar katanga ta tuna min. Maigida ya ce a jingina ɗakin da katangar gida, a ci ribar bango ɗaya.

Hajiya 'Yar Yauri: In bangon gabas ko yamma ne zai zama katangar, ba laifi. Amma in dogon gefe ne, kin kashe iskar, don dole ta shiga ta nan ta fita ta can. Ki bar tazara mai kyau tsakanin raga da katanga, ko da ƙafa 10 ne in fili ya yarda. Ki duba kuma ina tagar maƙwabta take, ina rijiya take. Warin kashin kaji da damina ya raba zumunci da yawa. Ɗakin ya yi nesa da rijiya da madafa.

Baba Alhaji Argungu: To naji batun iska. Amma mi za a yi da kwano? Kwano wuta ne. Ku yi jinka da ciyawa ku ga sanyi. Ga ta da arha, ga ta nan ko'ina bayan kaka. Ku yara komi sai na kanti.

Likitan Dabbobi: A nan Baba ya fi mu gaskiya, ciyawa ta fi kwano sanyi nesa ba kusa ba. Illarta uku: ɓera na sheƙa a ciki, ƙwarin kaji na ɓuya a ciki, ga tsoron gobara in ana kunna gawayi. Kuma sai an riƙa sabunta ta. Mai kaji 20 ko 30 a ƙauye, ni jinka zan ce ya yi.

Hajiya 'Yar Yauri: Ni haɗa su na yi. Kwano a ƙasa, da an shiga watan Maris sai in sa yara su shimfiɗa karan dawa da zana a kansa, a danne da itace. Kafin ruwa ya sauka a kwashe don kar kwanon ya yi tsatsa. Wasu farin fenti suke shafa wa kwanon, shi ma yana ragewa. Ka sa hannu a ƙarƙashin wanda aka rufa wa kara da wanda ba a rufa ba da azahar, ba sai an yi maka bayani ba.

Baba Alhaji Argungu: Kun dawo ga magana ta ke nan, kuna ta kewaye-kewaye.

Ɗan Aliero Mai Albasa: Baba ya ci ɗaya. 😄 Ni tambayata ƙasa. Siminti dole ne? Buhun siminti yanzu sai an yi shawara da iyali kafin a saya.

Mai Bulo Kalgo: In za a rage kuɗi a rage a wani wuri, ban da daɓe. Ai bulon da aka fasa ja har linta, kuɗinsa ya kusa yin daɓen. A cike ciki da jar ƙasa a daddage, a ɗaga shi aƙalla ƙafa ɗaya sama da tsakar gida, sannan a zuba kankare, a ɗan karkata shi wajen ƙofa don ranar wanki ruwa ya fita da kansa. Mutanen bakin fadama kuwa, Argungu, Birnin Kebbi ta gangare, Yauri, wanda ya ga ambaliyar 2020 ba sai an ce masa ya nemi tudu ba.

Likitan Dabbobi: Dalilin siminti a wurina wanki ne. Ƙasa ba ta wankuwa. Ƙwan tsutsar ciki da ƙwayar cutar kashin jini suna zama a cikinta su jira kaji na gaba. Gafiya kuma ta ƙasa take hudowa. Haka bangon laka: ba haramun ba ne, amma a yaɓe shi sumul, a shafa farar ƙasa. Akwai wata kaska da ke ɓuya a tsagar bango da rana, ta fito da dare ta sha jinin kaji. Za ka ga kaza na ramewa, ka duba jikinta da rana ba ka ga komai ba.

Baba Alhaji Argungu: Wagga mun san ta. Toka muke zubawa, wani lokaci a ƙona kara cikin akurkin in kaji sun hita.

Likitan Dabbobi: Kuma yana aiki a ƙaramin akurki, Baba. A ɗaki mai katako da raga ne ba za a kunna wuta ba.

Maman Ummi: To me ake shimfiɗawa a kan simintin? Na ji ana cewa garin katako.

Hajiya 'Yar Yauri: Akwai bambanci. Wanda injin fere katako ke fitarwa, mai faɗi-faɗi, shi ne mai kyau. Garin zarto mai laushi kuwa ƙura ne, yana shiga hancinsu, 'yan tsaki kuma ci suke yi. Amma ke da kike Kebbi me ya kai ki neman katako? Ga ɓuntun shinkafa tuli a bayan kowane injin casa, daga Argungu har Kamba. Busasshe kawai za ki nema, wanda ruwa bai taɓa ba, in kin ji warin fumfuna ki bar shi. Kauri inci 3 zuwa 4. Ki riƙa juya shi da manjagara, inda ya jiƙe kusa da mazubin ruwa ki kwashe ki zuba sabo. Gwajinsa: ki damƙa a hannu, in ya dunƙule ya jiƙe da yawa. In kin shiga da safe kin ji ido na yaji, to kajin da hancinsu ke kusa da ƙasa sun fi ki ji, iska ta yi kaɗan ke nan.

Ɗan Aliero Mai Albasa: Ranar kwashewa kuma a kira ni. Ba wasa nake ba, takin kaji ya fi na shanu ƙarfi, masu albasa da masu lambu saye suke buhu-buhu. Sai dai a bar shi ya huce tukuna, ɗanye ƙona shuka yake. Shi ya sa ku masu gini ku riƙa yin ƙofa da baro zai shiga. Na je kwasar taki wani gida, da kwano muka riƙa fitar da shi.

Abu Gusau: To hunturu fa? Raga gefe biyu, iskar nan mai ƙura ta taso daga arewa cikin dare, haka za a bar su?

Hajiya 'Yar Yauri: Labule. Buhunan abincinsu da suka ƙare za ka farke ka ɗinke, ko tamfol in kana da hali. Amma ga inda mutane ke kuskure: suna rataye shi daga sama ya sauko. A ƙasa ake ɗaure shi, a ja shi sama da igiya, a bar tazara a can sama. Iska ba ta bugun kajin kai tsaye, wari kuma na samun hanyar fita. Gefen arewa za ka fi rufewa. Rana na ɗagawa ka sauke.

Abu Gusau: Wannan dabarar ban taɓa ji ba, na ɗauka. Amma maganar rodi a waje ina nan a kanta, ba zan yi ɗaki da raga zalla ba.

Shugaban Zaure: Jama'a ana ta turo tallan 'yan tsaki a tsakiyar magana, na goge. Ranar talla daban. A ci gaba.

Maman Ummi: Allah ya saka. Cikin ɗakin fa, me da me zan tanada? Kuma 'yan kwana ɗaya zan saya ko manya?

Likitan Dabbobi: In 'yan kwana ɗaya ne, ba sai kin gina wani ɗaki ba. Ki rufe labulen, ki kewaye wani sashe da kwali ko silin, kewayen ya zama zagaye don kar su taru a lungu su danne juna. Satin farko suna son ɗumi digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar 3 duk sati har gashi ya rufe su. Ba sai da ma'auni ba: in sun cure a jikin wuta sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci to daidai ne. Mai amfani da gawayi ya bari ya ruru a waje kafin ya shigo da shi, kuma ko yaya a bar kafar iska a sama. Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri na kashe tsaki, yana kashe mutum ma. Sai dai ki sani sai sun kai sati 18 zuwa 20 kafin ki ga ƙwai. Ki lissafa abincin wata biyar ɗin nan tun kafin ki kashe kuɗin duka a gini.

Hajiya 'Yar Yauri: Wannan ita ce maganar. Kaji 100 da suka fara ƙwai suna cin wajen kilo 12 a rana, buhu mai kilo 25 kwana biyu ke nan. Ruwa kuma jarka mai lita 25 a lokacin sanyi, da bazara ki ninka. Don haka tankin ruwa ko randa a inuwa, ruwan da ya yi zafi ba sa sha. Mazubin abinci da na ruwa a rataye su daidai bayan kaza, kar su tona su zubar. Su wadatu yadda in an zuba abinci kowa zai samu wuri lokaci ɗaya, in ba haka ba masu ƙarfi su ƙoshi, raunana su rame, a fara tsattsagar juna.

Wurin ƙwai kuma akwati ɗaya ga kaji 5, ke 20 za ki yi, kowanne ƙafa ɗaya ta ko'ina. A jera su ta bangon da ya fi duhu, a sa ɓuntu a ciki, a saka su tun kafin su fara ƙwai don su saba. In suka koyi yi a ƙasa, hana su sai an sha wuya, ga ƙwai da datti, ga fashewa, daga nan su koyi shan ƙwai.

Baba Alhaji Argungu: Tsohuwar tukunya da ta hwashe ma tana yi. Kuma ku sa musu sanda su hau. Kaza ba ta son kwana ƙasa.

Likitan Dabbobi: Haka ne Baba, kamar taƙi ɗaya ga kowace kaza a jikin sandar, kar ta zama ƙasa da akwatunan ƙwan, in ba haka ba a cikin akwatunan za su kwana su ɓata su. Masu kiwon na nama su ba sa buƙatar sanda. Sai fitila: mai ƙwai na son haske wajen awa 16 a rana, ranarmu kuwa 12 ce da ɗan kai. Ƙaramar sola da ƙwan fitila biyu ta isa wannan ɗakin, a ƙara musu da asuba da bayan magariba. Da bazara ma asubar nan ce lokacin da suka fi cin abinci.

Mai Bulo Kalgo: Wanda zai yi ginshiƙi da katako ko itace ya tuna da gara. A shafa baƙin mai a gindin, a dasa shi cikin kankare. Mai hali ya sa bututun ƙarfe ya huta.

Ɗan Aliero Mai Albasa: Maciji fa? An ce a zuba baƙin mai kewaye da ɗaki, wasu sun ce tafarnuwa.

Likitan Dabbobi: Ni ban dogara da su ba. Maciji ɓera yake bi, ɓera kuma abinci yake bi. A share ciyawa da tarkace kewaye da ɗakin, a ajiye buhunan abinci kan katako nesa da bango a wani ɗaki daban, a kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, ƙasan ƙofa kuma kar a bar tazarar da yatsa zai shiga.

Maman Ummi: Akwai kajin Hausa guda takwas da zabi a gidan, na surukata ne. Ba yadda za a yi in ce a kawar da su.

Hajiya 'Yar Yauri: Hhh, wannan kam ba mai ba ki shawarar ki taɓa su. Ki yi wa ɗakinki ɗan shinge kawai yadda ba za su zo jikin raga ba.

Likitan Dabbobi: Kuma ki roƙi Inna a yi wa nata rigakafin fakat rana ɗaya da naki. Akwai wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi, ana ɗiga shi a ido, ya dace da kajin gida, ki tambaya a asibitin dabbobi. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta a ware ta sati biyu kafin ta haɗu da sauran. Malam mai bulo, a bakin ƙofa a yi ɗan kwarmi na siminti, faɗin ƙofar, zurfin inci 2 ko 3, a riƙa zuba ruwan magani ana sabuntawa. Takalmi ɗaya na roba a ajiye na shiga ɗakin kawai. Masu sayen ƙwai su tsaya a zaure, musamman dillalan kaji, don daga wani ɗakin suke zuwa wani.

Abu Gusau: Kwarmin nan in ƙasa ta cika shi ai ya zama ado. Na ga gidajen da ruwan ya bushe tun bara, ana tsallake shi.

Mai Bulo Kalgo: Shi ya sa nake yin sa ƙarƙashin lefen kwano, in faɗaɗa shi ƙafa biyu yadda ba ya tsallakuwa sai an taka. Maman Ummi, ki auno min tsawon filin daga gabas zuwa yamma, da nisan katanga ta kudu da ta arewa, ki turo nan in lissafa miki bulo da raga ki kai wa maginin naku.